Gidan magajiya a cikin birnin wasa: a sa ko a bari?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni da abokaina muna yin wasan tebur irin Dungeons & Dragons duk ƙarshen mako, ni nake jan labarin. Na ƙirƙiro wani birni na fatake a bakin hamada, da ganuwa da kasuwa da zango da fadar sarki, har da masu sihiri. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce jaruminsa yana neman gidan karuwai, na daburce na ce babu a garin. Ya ce ƙarya ne, garin da ayari ke sauka ba zai rasa ba. Wani kuma ya ce in aka sa shi zai daina zuwa. Shin irin wannan abu ya dace ya shiga duniyar wasa? In kuma ya shiga, dole sai an sa abin da ke biyo baya kamar zubewar mutunci da cuta da 'ya'yan da ba uba, ko hakan zai ɓata nishaɗin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka biyu ce ka haɗe su, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko, ko karuwanci zai iya zama a cikin birnin da ka ƙirƙira. Ta biyu, in yana nan, ko sai ya zo da nauyinsa. Ta farkon zaɓi ne, kana iya sawa kana iya bari, babu wanda zai kama ka da laifi. Ta biyun kuwa a ganina ba zaɓi ba ce. In ka sa gidan magajiya a garinka ka cire duk abin da ke biyo bayansa, to ka sa shago ne kawai da ake sayar da mata, kuma wannan shi ne mafi muni cikin hanyoyin da ke gabanka, gara ma ka bar shi gaba ɗaya.

Wannan rigimar ta girme ka

Ba a teburinku aka fara ta ba. Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka yi shi, wasa ne da kowane ɗan wasa yake riƙe da jaruminsa, mai jan wasa kuma yana ba da labarin duniyar da suke ciki. A littafin jagoran wasa na 1979 akwai wani jadawali na mutanen da za ka iya karo da su in kana yawo a birni, a cikinsa kuma akwai ƙaramin jadawali na karuwai zalla, kala goma sha biyu, tun daga ta bakin titi har mai tsada har magajiya da kawali, sai ka jefa dayis, ɗan ƙwallon nan mai lambobi, ka ga wacce ta fito maka. Ba suna, ba dangi, ba dalilin da ya kawo ta nan. Da aka yi bugu na biyu a 1989 sai kamfanin ya share jadawalin, lokacin da iyaye da masu wa'azi a Amurka suka taso wa wasan, har sunayen shaiɗanu sai da aka canja. Ka ga tun can hanya biyu aka bi, ko a sa su kamar kaya a kasuwa ko a yi kamar ba su taɓa wanzuwa ba.

Gem ɗin kwamfuta ma haka suka yi ta lalube. The Witcher na farko, na 2007 wanda wani kamfanin Poland ya yi, duk macen da jarumin ya kwana da ita sai a ba ka kati mai hotonta, mutane suna tara su kamar kyauta, an soki abin sosai kuma ba su maimaita shi ba a na gaba. Fable II na 2008 shi ya fi ba ni dariya, don ya yi ƙoƙarin sa sakamako: in jarumin bai yi kariya ba zai iya ɗaukar cuta, amma cutar lamba ce kawai da take ƙaruwa a shafin bayanansa, ba ya ciwo, ba ya rasa ƙarfi, babu abin da ya canja. To wannan ai ba sakamako ba ne, ado ne. Na kawo su ne don ka ga inda matsalar take. Ba kasancewar abin ba ce, rashin nauyinsa ne.

Abokinka na farko yana da gaskiya, amma rabi

In maganar tarihi ake, e, garin da baƙi maza ke sauka da kuɗi a aljihu, nesa da iyalansu na watanni, da wuya ya rasa wannan sana'a. Garuruwan tashar jirgin ruwa, barikin soja, zangon fatake, tashar mota, duk labarin ɗaya ne. Amma abin da bai faɗa maka ba shi ne babu inda aka taɓa barin ta sakaka kamar mai sayar da ƙosai. Ko'ina hukuma da malamai da maƙwabta suna da abin da suke yi a kanta, kuma nan ne naman labarin yake.

Duba Rum ta dā. Karuwanci bai saɓa doka ba, har haraji aka sa masa a zamanin sarki Kaligula, amma wadda ta shiga an rubuta ta cikin marasa mutunci a idon doka, kuma dokokin aure na zamanin Agustus sun hana ɗa mai cikakken 'yanci ya aure ta. Gwamnati tana cin kuɗinta tana kuma rufe mata ƙofar fita. A Fulorens ta Italiya, a 1403 hukumar gari da kanta ta kafa ofishi na musamman da zai kula da gidajen, saboda a lissafinsu ƙaramar ɓarna ce da za ta tare babba. A Landan gidajen suna hayin kogin Tames ne a unguwar Southwark, a kan filin da ke ƙarƙashin ikon bishop na Winchester, wato babban limamin coci ne mai unguwar, har sai da sarki Henry na takwas ya rufe su a 1546. A Japan kuwa, a 1617 aka ware unguwar Yoshiwara a birnin Edo, Tokyo ta yanzu, an kewaye ta da rami da ƙofa ɗaya, kuma da yawa cikin matan iyayensu ne matalauta suka karɓi kuɗi suka miƙa su, bashin yana kansu, kullum ana ƙara musu kuɗin tufafi da na abinci yadda biyansa zai yi wuya. Daga waje fitilu da kiɗa da alharini, daga ciki bashi.

Kowanne cikin waɗannan ya ba ka labarin wata guda na wasa ba tare da an buɗe ƙofar ɗaki ko sau ɗaya ba. Wa ke karɓar haraji? Wa ke da filin? Wa ke riƙe da takardar bashi? Wa zai ji kunya in aka tona?

Tunda birninka na fatake ne a bakin hamada, ba sai ka je nesa ba ma, namu tsarin ya isa. A ƙasar Hausa an san magajiya, ita ce shugabar mata masu zaman kansu, ita ke saukar baƙuwa, ita ke raba faɗa, ita ke tsaya musu a gaban hukuma, a wurare da yawa kuma tana da alaƙa da 'yan bori. Akwai kawalai, akwai 'yan daudu da ke dafa abinci suna sayarwa suna kuma haɗa mai nema da wadda ake nema. Mafi yawan matan ba daga sama suka faɗo ba, wata auren dole ta gudo, wata saki ne ya same ta gidan iyaye ya yi mata zafi, wata mijin ya tafi fatauci shiru. Kuma hanyar komawa ba a rufe take ruf ba kamar ta Rum, mace tana iya tuba ta yi aure ta koma cikin matan gari, ko da gulma za ta bi ta. Sannan ga wani abu da ya sha faruwa a garuruwanmu na Najeriya da Nijar: in damina ta yi gardama, ruwa ya ƙi sauka, sai a ce zunubi ne ya yi yawa, a ba mata masu zaman kansu wa'adi su yi aure ko su bar gari. Mazan da ke zuwa wurinsu kuwa suna cikin sahun masu roƙon ruwa, babu wanda ya ba su wa'adi. Wallahi in ka rasa labari a nan to ba ka nema ba ne.

Inda abokinka ya yi kuskure shi ne da ya ce dole. Babu dole. Birnin da ke da masu sihiri da aljanu a kasuwa ba tarihi ba ne, kai ka gina shi. Ai garin gaske yana da masai da kwata da zawo da mutuwar jarirai, duk ba ka sa su ba kuma bai yi ƙorafi ba. Kowane mai jan wasa yana zaɓen abin da zai haska wa fitila.

Teburin ya fi garin muhimmanci

Wanda ya ce zai daina zuwa, maganarsa ta fi nauyi, don shi mutum ne na gaske, birnin kuwa a takarda yake. A al'adar wasannin nan akwai abin da ake yi tun kafin a fara labari, a zauna zama ɗaya ba wasa, kowa ya faɗi abin da ba ya so. Ana raba abin gida biyu. Akwai iyaka, abin da ba zai shigo ba sam, ko ambatonsa ba za a yi ba. Akwai kuma labule, abin da an yarda yana nan a duniyar amma ba za a nuna shi ba, in an zo wurin sai mai jan wasa ya ce gari ya waye, a wuce. Wasu ma suna ajiye kati a tsakiyar tebur, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, a tsallake wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Ni a teburina tsarin a bayyane yake. Duk abin da ya shafi yara iyaka ne, ba tattaunawa. Fyaɗe a gaban ido iyaka ne. Kwanciya kuma labule ne koyaushe, ko tsakanin mata da miji ne, don ba na zaune ina siffanta wa ƙarti abin da ni kaina zan ji kunyar a ji a bakina. In akwai yaro ɗan sakandare a cikin 'yan wasa, ko a falon gida ake yi ƙanne suna shige da fice, to maganar ma ba ta tasowa. Ka tambayi abokin naka shi kaɗai, ba a gaban sauran ba, ko ambaton abin ne gaba ɗaya ba ya so ko kuwa tsoronsa kar wasan ya koma batsa. Sau da yawa na biyun ne, kuma labule ya wadatar da shi. In ya ce ambaton ma ba ya so, saboda addininsa ko wani abu da ya taɓa faruwa a danginsu wanda ba lallai ya gaya maka ba, to shi ke nan, birnin ba shi da gidan magajiya, a ci gaba da farautar dodo. Hukuncin shari'a kan yin irin wannan wasa ko sa irin wannan jigo ba fagena ba ne, wannan na malamai ne, ni ta fuskar tsara labari nake magana.

Shi kuma na farkon ka lura da me yake nema. Wani so yake ya ga ko za ka daburce, tsokana ce kawai, da ka amsa masa da fuska a sake zai bari. Wani kuma da gaske jin garin yake so ya yi kamar gari.

In za ka sa, ga yadda nake yi

Abu na farko, ina fara gina magajiyar kafin gidan. Ina ba ta suna da shekaru da abin da take tsoro da wanda take bi bashi. A wani birni da na taɓa ja, magajiyar tsohuwa ce da ta san sirrin rabin fada, madugai suna ajiye kuɗi a wurinta saboda ta fi wasu fatoma amana, kuma tana biyan sarkin dogarai wani abu duk wata don kar a taɓa 'yan gidanta. 'Yan wasana sun je wurinta ne neman labarin wani ayarin goro da ya ɓace, ta ce za ta faɗa amma sai sun dawo mata da wata yarinyarta da wani attajiri ya tsare kan bashi. Daga nan gidan ya zama wurin da suke da aboki da maƙiyi, babu wanda ya sake tunanin abin da ya kai wancan abokin naka tambaya.

Na biyu, kuma nan na fi tsayawa, sakamako ya hau kan namijin ma. Yawancin masu jan wasa in sun ce za su sa gaskiyar rayuwa sai su jibge ta duka a kan macen, ita ce mai cuta, ita ake duka, ita ake tsinta a mace a lungu don jarumi ya samu dalilin fushi. The Witcher 3 na 2015, duk da kyawun labarinsa, ya faɗa wannan ramin a wani wuri a birnin Novigrad inda gawarwakin irin waɗannan mata suke aikin nuna mana cewa mugu mugu ne. Ni na gaji da wannan. In jarumin ɗan wasanka ya shiga gidan da rana tsaka, to mai shayin bakin layi ya gan shi. Gobe in ya je neman auren 'yar sarkin kasuwa, an riga an kai labari. In malami ne ko mai warkarwa na wani wurin ibada, almajiransa sun fara raguwa. In ya yi maye ya yi surutu, sirrin tafiyarsu ya isa kunnen abokan gaba kafin su ɗaura wa raƙumi kaya. Bayan wata tara na lokacin wasa wata ta aiko masa da saƙo, yanzu sai mu ga wane irin jarumi ne.

Amma fa kar ka mai da shi bulala. Akwai bambanci tsakanin gari ya amsa abin da mutum ya yi da mai jan wasa ya huce haushinsa. In duk wanda ya doshi layin sai an sace masa jaka ya kuma kwashi tunjere, 'yan wasa za su gane kai ne kake wa'azi ta bayan fage, su daina yarda da duniyar. Wani lokaci babu abin da zai faru, kamar yadda a rayuwa ma mutane da yawa suke sha. Kuma ka gaya masa tun kafin ya shiga: ka san garin nan ƙarami ne ko, an san fuskarka. In ya ce ya ji ya gani, to ya zaɓa da idonsa a buɗe, kuma zaɓi mai nauyi shi ne daɗin wasan gaba ɗaya. Don haka tsoronka na cewa sakamako zai ɓata nishaɗi, ni akasin haka na gani.

Na uku, kar matan su zama murya ɗaya. Wata tana tara kuɗi ta sayi keken saƙa ta fita, wata ta fi son nan da gidan da ta baro kuma za ta gaya maka haka ido da ido, wata an yaudare ta ne aka kawo ta kuma kullum hanyar gudu take nema, wata ita ce mai zaluntar sauran. Mutanen gari ma haka, akwai liman mai tausayi da ke karɓar tubarsu ya nema musu miji, akwai wanda ke zaginsu da rana yana aike da dare, akwai matan aure da ke da dalilinsu na ƙin su, don kuɗin cefanensu ne ke tafiya can.

In garinka yana da alƙali mai hukunci irin na Musulunci, to ka samu wani makami mai kyau da yawancin wasannin Turawa ba su da shi. Tabbatar da zina sai da shaidu huɗu, wanda ya yi zargi bai kawo su ba shi za a yi wa bulala tamanin ta ƙazafi, yana nan a farkon Suratun Nur, kuma a cikin surar aka hana tilasta wa kuyangi karuwanci don neman abin duniya. Ka ga ke nan kowa a gari ya sani amma babu mai iya faɗa a gaban alƙali, sai gulma da habaici da waƙar zambo, wanda kuma yake tilasta wa bayinsa shi ne ke da babban abin ɓoyewa. Siyasar fada kenan a shirye.

Sai maganar sihiri

Wannan ne wurin da mutane suka fi mantawa, su kwafo tsohon gari su zuba masa bokaye masu walƙiya a hannu ba su tambayi me ya canja ba. A Turai ɓarkewar tunjere da ta fara a wajen Naples a 1495 ta ƙara tsananta yadda ake kallon gidajen nan, don ba ta da magani na kirki a lokacin. To a birninka in akwai mai sihirin da zai taɓa mutum cuta ta tafi, tsoron cuta ya ragu, amma ga wa? In kuɗin warkarwar ya kai kuɗin doki, attajirin da ya kawo cutar ya warke da safe, wadda ya shafa wa tana nan da ita, sai dai magajiya ta biya mata ta ƙara a kan bashinta. In wurin ibada ne ke da ikon warkarwa, suna karɓar irin waɗannan mata ko sai ta ƙofar baya? In akwai laya mai hana ciki kuma tana aiki da gaske, to wa ke sayar da ita, kuma matan aure suna zuwa saya a ɓoye a wuri ɗaya da su? In akwai sihirin da ke tilasta faɗin gaskiya ko ya nuna uban yaro, to maganar gado ta rikice, manyan gari ne za su fara neman a haramta amfani da shi a gaban alƙali, kuma mai sihirin da ya iya shi yana bukatar masu gadi. Ka zauna da biro ka amsa ko biyu daga cikin waɗannan kafin zama na gaba, ka rubuta farashin warkarwa kusa da farashin buhun gero a takardar kasuwarka don ka san wa zai iya biya.